Ɗan Damben Gidanmu

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karatu ce kawai, irin wadda ko takardar da aka naɗe tsire a ciki ta samu sai ta warware ta karanta. Na sha ɗaukar biro in ajiye, don ji nake kamar wani zai leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ke kuma a su wa?" To amma akwai mutanen da na kasa yi wa godiya da baki, saboda muryata rawa take yi in an zuba mini ido. Shi ya sa na ce bari in gwada ta nan. In kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Sunana Lauratu, sai dai a gidanmu ba mai faɗin sunan, don na kakata ne, mahaifiyar Baba. Baba "Uwata" yake ce mini, Inna kuma "Mai suna". Mu mahauta ne na Birnin Ƙonni. Babana a ƙuruciyarsa ɗan dambe ne, Takama ake kiransa a fage, kuma har yau in makaɗi ya hango shi a kasuwa ya taɓa masa kalangu, za ka ga kafaɗarsa ta dama ta motsa da kanta. 'Ya'ya mata Inna ta yi ta haifa masa, ni ce ƙaramarsu. Yayyena duk sun yi aure, ni kuma na daɗe a lakwal har na kai kwaleji kafin in zauna gida. An riga an fid da rai da wata haihuwa, sai ga ciki. A daminar 1992 Allah ya kawo Inusa.

Haihuwar ta zo da wuya. Inna ta kwana ta wuni tana naƙuda kafin a kai ta asibiti, da yaron ya fito kuma shiru, sai da aka yi ta fama da shi sannan ya yi wani ɗan kuka kamar na mage. Amma ya rayu, kuma namiji ne. Ran suna ba wanda ya wuce ƙofar gidanmu bai ci nama ba.

Baba ne ya fara lura da abin. Wata la'asar ya dawo daga kasuwa, Inusa na kwance a tabarma, sai ya kaɗa masa yatsu ta gefen kunne. Yaron ya juya kai. Yana juyawa sai hannun da ke gaban fuskarsa ya miƙe sambal, ɗayan kuma ya lanƙwashe ta bayan kai, a dunƙule. Wanda ya taɓa ganin dambe ya san wannan tsayuwar: ga garkuwa a gaba, ga hannun duka a baya yana jiran lokaci.

Baba ya yi wata ƙara da ta tashi kaji, yana kiran Inna.

"A'i! Hito ki gani! Wallahi jini ba shi ƙarya! Ɗan dambe anka haifa mani!"

Daga ranar sunan Inusa ya ɓace, sai Ɗan Dambe. Duk baƙon da ya shigo zaure sai an kawo masa shi, a kwantar, Baba ya kaɗa yatsu dama ya yi tsayuwar, ya kaɗa hagu ya sake. Tsofaffi kuma in sun ɗaga shi a cinya sai ya sandare ƙafafu ya tsaya a kan 'yan yatsu, su ce, "Kai, ƙarhi! Wanga ba shi rarrafe, tashi kawai za shi yi."

Ni ce mai goyonsa, kuma bayana ne ya fara sanin akwai matsala kafin kaina ya sani. Kowane jariri in ka ɗora shi a baya buɗe ƙafafu yake ya manne maka. Inusa sai ya harɗe su kamar almakashi, ya banƙare, sai na sa gwiwar hannu na raba su kafin in ɗaura zane. Kunu in na ba shi rabi a ƙirjinsa yake ƙarewa. Ga maƙwabciyarmu Gimbiya, ɗiyarta da aka haifa bayansa tana zaune daram cikin rairayi tana tsotsar babban yatsan ƙafarta. Namu ya shiga wata tara, ko wuyansa bai tsaya ba.

Ranar da na kai shi awon yara, matar da ke duba su ta daɗe tana kallonsa. Ta buɗe tafin hannunsa, ya sake dunƙulewa. Ta tambaye ni yadda aka haife shi, na faɗa mata. Sai ta rage murya ta ce akwai wani asibiti gaba da Malbaza, akwai wata mata can da ake ce wa kine, aikinta koya wa jiki motsi, kuma ranar Laraba take ganin yara. Ta ce kada mu jinkirta.

Na iske Inna a ɗaka tana goge langunan da take tara mini. Ban gama bayani ba ta aje tsumman.

"Mai suna, ruhe mani baki."

"Inna, matar ta ce..."

"Na ji abin da tac ce. Ke kina ganin ban da ido? Ni nih haihe shi." Ta juya mini baya, ta ɗauki langa ɗaya da ta riga ta goge ta sake gogewa. "Ki bari dangin Hamani su kawo goro tukuna. Kin san gwaggonshi Jummai. In taj ji an ce akwai shanyayye gidan ga, ko ƙohwarmu ba ta sake bi. Kuma babanki, in kin hwaɗa mishi, ke za ki ɗauke shi in ya hwaɗi."

To bari in gaya muku wane ne Hamani. Direba ne, yana jan wata farar mota bashe tsakanin Ƙonni da Madawa. Dogo ne, baƙi, da 'yar wushirya, kuma duk surutun da yake yi a tasha, in ya zo zance gidanmu ƙarewa yake. Shi ya kalli takalminsa, ni in kalli nawa, har a kira magariba. Da ya ga ba ma ci gaba sai ya koma aiko mini da kaset ta hannun Gimbiya. Nakan saci rediyon Baba in shiga bayan garken awaki in saurara, murya ƙasa-ƙasa. Ga irin abin da yake cewa, ga ƙarar inji a baya:

"Assalamu alaikum, Laure. Ni ne. To, wa zai zama in ba ni ba. Muna Dogarawa, taya ta yi faci. Na ga wata atamfa mai ruwan ganye na ce wagga ta Laure ce, sai kuma na tuna ban san ko kina son ruwan ganye ba. In kina so, ki ɗaura kallabi kore ran Juma'a. In ba ki so... Kai, malam, sauke akuyar ga daga kan buhun mutane! Yi haƙuri, Laure, ba da ke nike ba."

Ina da kallabi kore guda ɗaya, duk ya koɗe. Na ɗaura shi.

Gwaggo Jummai kuwa ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kowa a unguwarsu ya san ta taɓa hana wani ɗanta auren wata yarinya don an ce kawun yarinyar na da farfaɗiya. Kawu fa, ba uba ba. Saboda haka tsoron Inna ba na banza ba ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina son Hamani. Na yi kwanaki ina auna abin. In na dubi langunan nan sai in ce bari in yi shiru. In na ɗauki Inusa na ji ƙafafun nan sun harɗe a bayana sai in ji kamar ni ce na ɗaure su.

Ran Juma'ar da ya zo, muna tsaye a bakin zaure, ya ga kallabin ya yi murmushi ya mai da ido kan takalmi. Ni kuwa ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Motarka tana bi ta gaban Malbaza ran Laraba?"

"Kullum ma. Albasa za ki saye?"

"Inusa ba shi da lahiya. Ba dambe ba ne. An ce ciwo ne, tun na haihuwa." Na gyara kallabin. "Na hwaɗa maka ne don kada ka ji daga baya ka ce an ɓoye maka. In kana son ka janye..."

Karo na farko ke nan da ya dube ni ido cikin ido.

"In janye in tahi ina? Na riga na sayi atamfar." Ya gyara hularsa. "Ku hito da sassahe. Zan aje muku gaba, baya akwai girgiza."

Inna ta ƙi da farko. Abin da ya karya ta, ana jibi Laraba Inusa ya shaƙe da kunu har leɓensa ya canza launi. Da ya dawo daidai ta zauna riƙe da shi, ta ce, "Wace rana kinka ce?" Baba kuma aka ce masa tari za a duba. Ya ce, "Ɗan dambe da tari? To ku tahi, ku gaishe da lokotoro."

Duk hanyar nan Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, wai kada surukin gobe ya ga tana kallonsa. Shi kuma duk ramin da ya gani sai ya bi shi a hankali kamar ƙwai ya ɗauko, har fasinjojin baya suka fara buga rufin mota suna tambaya ko jaki suka hau.

Na zaci zan ga allurai da injuna. Ɗaki ne kawai da tabarmi, da 'yan matasai, da wani babban kwano irin na wanki. Kinen, Madam Safiya, gajeriya ce mai ƙiba, 'yar Tawa, ta ɗaure zanenta tamau kamar mai shirin daka. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa ta karɓi Inusa, ta daɗe tana yi masa wasa kafin ta taɓa ko'ina. Sannan ta kwantar da shi, ta juya masa kai a hankali. Hannu ya miƙe, ɗayan ya lanƙwashe.

"Damben ke nan," in ji Inna, kuma duk da halin da take ciki sai da na ji alfahari a muryarta.

Madam Safiya ba ta yi dariya ba. Ta ce kowane jariri da wannan motsin ake haihuwarsa, har da ɗiyar maƙwabta, har da mu. Ba shi ke yi ba, jiki ne ke yi da kansa, kamar yadda ido ke ƙiftawa. In yaro ya yi 'yan watanni sai abin ya saki, hannuwa su zama nasa, ya kai su baki, ya juya, ya zauna. Na Inusa bai saki ba, saboda wahalar haihuwa ta taɓa wurin da ke ba jiki umarni a ƙwaƙwalwa.

"Iska ne?" Inna ta tambaya.

"A'a."

"Gado ne?"

"Ba gado ba ne, Inna, kuma ba a ɗauka. Ba laihinki ba ne, ba na kowa ba. Raunin kuma ba shi ƙaruwa. Abin da ka ƙaruwa shi ne sandarewar, in an bar ta."

"Za shi tahiya?"

"Ban sani ba. In nac ce miki na sani, ƙarya ni kai. Amma yaron ga yana da wayo, dubi yadda yake bin bakina da ido. Mu hwara da hannu zuwa baki."

Ba ta ba mu ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce maganin a hannunmu yake. Ta nuna mana yadda za a zaunar da shi a cinya, bayansa a jikin mutum, kai a tsakiya, gwiwoyi a lanƙwashe, a turo kafaɗunsa gaba. Tana yin haka sai na ga yaron da na sani kamar icce ya yi laushi. Ta sa shi cikin kwanon nan da zannuwa kewaye, ya naɗe kamar ɗan tsako. Ta ce goyo ma magani ne, in dai an raba ƙafafun sosai. Ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗarsa, ta ce, "Kada ki kai mishi hannun baki. Ki kawo shi kusa ki jira. In ke kinka yi, ke kinka koya. Jiki abin da ya yawaita yi shi yake riƙewa, mai kyau ko maras kyau."

Sai ta tambaya, "Wa ke sa shi damben?"

Muka dubi juna ni da Inna.

"Babanshi," na ce. "Kullum. In an yi baƙi ma ya hi haka."

"To ku abin da kunka gina da sahe shi yana rushewa da marece, ba da sani ba. A daina, kuma a daina tsai da shi bisa yatsu. Ku kawo mani baban."

Inna ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. A hanyar dawowa ta ce mini, "Saura kwana kaɗan su zo. Ki yi mani wannan haƙurin, Mai suna. Da an amshi goro ni da kaina zan san yadda zan hwaɗa mishi."

Haka muka shiga yi a ɓoye. Da Baba ya fita kasuwa sai in jawo kwanon wankin Inna in jera tsummoki in zaunar da Inusa. In kawo hannuwansa kusa in jira. Jiran nan ya fi daka wuya. Wata safiya ina tsugune har ƙafata ta yi sanyi, sai na ga ya tsura wa yatsunsa ido, kamar ya ga baƙi. Ya daɗe yana kallo. Na kira Inna da hannu, ta zo da muciya a hannu ta tsaya a kaina. Da la'asar kuma Baba ya dawo, ya wanke hannu, ya ce a kawo masa Ɗan Dambe. Ina jin ƙarar yatsunsa daga zaure, ina jin yana yi masa kirarin da ake yi masa shi kansa a da. A daren sai yaron ya fi kullum sandarewa.

Ranar kawo goro ta zo. Tun safe Inna ta sa na share gida har bayan randuna, aka turara ɗaki, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Na sa atamfar nan mai ruwan ganye, ɗinkin riga da zane, ga lalle ya kama ja wur, ga kwalli da Gimbiya ta zizara mini har ina ganin kaina kamar wata. Bayan azahar suka iso. Gwaggo Jummai da wata mata suka shige wurin Inna, tana tafe tana duban kowane lungu kamar mai neman ɓataccen zobe. Kawun Hamani, Alhaji Alkasum, wani farin tsoho mai dogon carbi ja, ya zauna a zaure tare da Baba da ƙanen Baba. Ni kuma aka ce in lafe a ɗakin baya kada a ji ko tarina, ga Inusa a hannuna.

Sai na ji abin da nake tsoro.

"Uwata! Kawo Ɗan Dambe shi gaida Alhaji!"

Kun san yarinyar da aka zo neman aurenta ba ta shiga gaban surukai. Amma Baba in ya yi farin ciki mantawa yake da komai, kuma Inna na can ta kasa tashi daga gaban baƙi. Na ja mayafi har goshi, na ɗauke shi. Tsakanin ɗakin baya da zaure ba nisa, amma ranar sai da na ji kamar na taka zuwa Illela.

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su, na miƙa shi. Baba ya kwantar da shi a kan buzu, yana ta washe baki.

"Alhaji, yau za ka ga abin mamaki. Ara mani carbin ga."

Ya ɗaga carbin ta gefen kunnen yaron. Na san in na bari aka yi yau, gobe ma za a yi, kuma Inna ba za ta taɓa samun ranar faɗa ba. Na san kuma abin da zan rasa.

"Baba."

Bai ji ba.

"Baba, don Allah kada ka juya mishi kai."

Ƙanen Baba ya zaro mini ido. Baba ya yi dariya, ya ce, "Kun ga Uwata da kishi. Don yau ba ita aka kallo ba."

"Baba, in tambaye ka?" na ce. "Ɗan dambe, in an tashi wasa, yana sauke hannu?"

"Yana saukewa mana. Da mi za shi ci tuwo?"

"To ka ba shi carbin, ka ce shi kai baki."

Ya dube ni, ya dubi baƙonsa, sannan ya sa carbin a hannun da ke miƙe. Yatsun suka damƙe shi. Inusa na kallon jan carbin nan, bakinsa a buɗe, yawu na zuba, yana so. Amma hannun da yake kallo shi ne ya miƙe ya yi nesa da shi. Ya yi ƙoƙari har ya juya kai, hannun ya lanƙwaso, sai dai yanzu fuskarsa na wancan gefen. Ya sake juyowa, hannun ya sake gudu. Ya yi haka, ya sake yi, sannan ya fashe da kuka.

Baba ya kama hannun zai lanƙwasa shi, ya ji yadda ya ƙage. Mutum ne da ya yi shekaru yana taɓa gaɓoɓi, na mutane a fage da na dabbobi a mahauta. Na ga lokacin da fuskarsa ta sauya. Dariyar ba ta gama barin bakinsa ba, amma idonsa ya riga ya gane.

"Tun yaushe?" ya ce, ba tare da ya dube ni ba.

Na faɗa masa duka: awon yara, Madam Safiya, kwanon wanki. Na ce ba tari aka je dubawa ba. Na ce ta ce ba gado ba ne, wahalar haihuwa ce, kuma damben nan ƙara ɗaure shi yake.

"Ni nika ɗaure shi ke nan."

"Ba ka sani ba, Baba. Ta ce kowa haka zai zata."

Inusa na ta kuka. Sai Baba ya ce, a hankali, "Gwada mani yadda tac ce."

Na matso a kan gwiwoyina, na manta da mayafi, na manta da Alhaji. Na zaunar da yaron a cinyar Baba, bayansa a cikinsa. Na ce ya lanƙwashe masa gwiwoyi. Na kama manyan hannuwan nan masu tabon zare na ɗora su a kafaɗun Inusa, na ce ya turo gaba kaɗan, ya tsai da kan a tsakiya da ƙirjinsa. Kukan ya ragu. Baba ya kai hannu zai ɗaga masa carbin zuwa baki, na ce, "A'a, Baba. Jira za ka yi."

Mutumin da ba ya iya jiran ruwa ya huce, ya jira. Dukanmu muka jira. Hannun ya taso yana karkarwa, ya kauce, ya bugi kunci. Ya sake tasowa. Ɗayan hannun ma ya biyo shi, suka haɗu a gaban ƙirji, suka hau tare. Sai ga jan carbin Alhaji Alkasum a bakin Inusa, yana tsotsa da ƙarfinsa, yana wani gurnani na jin daɗi.

Ƙanen Baba ya miƙa hannu zai karɓe, Alhaji ya ce, "Bar mishi. Ya sha wuya kahin shi same shi."

Baba ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa gashin yaron. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya sa ƙafa ya tura ƙunshin goron da ke gabansa zuwa wurin baƙon.

"Alhaji, ka ga abin da ke gidana. Wallahi ban sani ba sai yanzu, da ban bari kun taso ba ku sani ba. Ga goronku. Ku koma ku yi shawara, ba ni jin haushi."

Alhaji Alkasum ya dubi goron, ya sa sandarsa ya turo shi inda yake.

"Takama, mun yi shawararmu. Yaron ya hwaɗa mani tun ran da yak kai su, har da ramukkan da ya kauce ma. Na zo ne in ga ko gidan ga ana hwaɗin gaskiya, na kuwa gani." Ya gyara zama, ya rage murya, ya nuna cikin gida da haɓa. "Jummai ce dai ba mu hwaɗa ma ba. Ni da shi duk mun rasa mai ƙarhin hali."

Ƙanen Baba ya tuntsire da dariya, ya toshe baki. Baba bai yi dariya ba. Hannuwansa na nan a kafaɗun Inusa, bai ɗaga su ba.

"Wace rana matar ga ke ganin yara?"

"Laraba," na ce.

"Alhaji, ka ce ma ɗanka shi aje mani wuri ran Laraba. Kasuwa ta yi haƙuri."

Ga waɗanda na ce na kasa yi wa godiya: matar awon yara da ban ma san sunanta ba, da Madam Safiya da ta ƙi yi mana ƙarya, da Inna da ta hau motar nan da tsoronta, da wani mai wushirya da ba zan sake rubuta sunansa ba don kunya. Da Baba, wanda aka karɓe wa abin alfaharinsa a gaban baƙo, amma bai saki yaron ba.

A zauren kuwa su Baba sun shiga maganar hanya da lokacin tashin mota, ba wanda ya tuna cewa yarinyar da ake nema tana durƙushe a tsakiyarsu, mayafi a wuya. Na ja da baya a kan gwiwa har na kai ƙofa. Daga tsakar gida ina jiyo muryar Gwaggo Jummai tana tambayar Inna wai kukan me yaron ya yi haka ɗazu, kuma me aka daɗe ana yi a zaure. Na cire takalmana na riƙe a hannu, na bi ta bayan garken awaki, na shige gidan su Gimbiya.